Haƙorin Giya a Gwangwanin Baƙin Mai

Makon jiya wani saurayi ya shigo min da janareto a cikin buhun shinkafa, guntu-guntu. Wai ya kalli yadda ake yi a waya, ya kwance, haɗawar ce ta gagara. Na tambaye shi notika nawa ya cire, ya ce bai ƙirga ba. Ku da kuke zuwa rumfar nan kuna cewa gyaran inji ai cire tsoho ne a sa sabo, ban ga laifinku ba, kun taso kun tarar da sabon a kasuwa. Ni na yi aiki a shekarun da babu sabon, kuma su ne suka cinye min ƙarfi. Tunda ƙafata ta hana ni tsayuwa yau, ku zauna in ba ku labarin aiki ɗaya daga cikinsu.

Shekara bakwai na yi a hannun maigidana, Malam Inuwa Fita, Allah ya ji ƙansa. Biyun farko ban riƙe sifana ba, wankin ƙarafa kawai nake da kananzir har fatar hannuna ta dinga saɓulewa. Mutum ne mara yawan magana, amma yana da wani farantin tasa da ba a cin abinci a ciki. Duk abin da ya fashe a cikin inji, sai an tsinto gutsattsarinsa an wanke, an jera a farantin nan, an haɗa su kamar fasasshiyar tukunya har siffar ta cika. In ta cika, a rufe inji. In an ga giɓi, to gutsuren yana wani wuri, kuma ba a rufewa sai an san inda yake. Na sha ranƙwashi a kan farantin nan fiye da yadda na sha a makarantar allo. Da ya sallame ni, abin da ya ba ni sifana shida ne, da guduma, da filaya, da wani mayen ƙarfe da ya ɗaure a bakin waya. Farantin kuwa ni na saya da kaina.

Ban daɗe da kafa 'yar rumfata jikin ganuwa, kusa da Ƙofar Nassarawa ba, yaƙin basasa ya zo. Masu sayar mana da kayan gyara a Sabon Gari kusan duk mutanen gabas ne. Tun kafin a fara yaƙin suka kwashe suka tafi, wasu ma ba su samu tafiyar ba, kuma abin da ido ya gani a lokacin ba na son maimaita shi. Akwai wanda muke kira Mai Boris, in ka miƙa masa ƙarfe ya shafa sau ɗaya zai faɗa maka na wane inji ne. Shagonsa ya daɗe da kwaɗo, daga baya ma babu ƙofar. Ɗan abin da ke shigowa kuma aka ce na motocin soja ne. Sai muka koma yanka gaskit da kwali, muna kankare filogi ɗaya sau goma. Mota biyu ta mutu, a haɗa a tayar da ɗaya. Haka muka yi ta yi, kullum kana aiki kullum kana jin kunyar aikin.

A irin wannan shekara ce, bayan ɗaukewar ruwa, ran wata Asabar, Baba Haladu ya zo da wani inji a kan kura. Dattijo ne mutumin Dukawuya, yana da lambu a bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Na'isa. Ɗansa Sani ne ya sayi wata 'yar ƙaramar tarakta a gwanjon wani Bature da zai koma gida, irin mai ƙafa biyu wadda ake riƙewa ta baya kamar garma. Sani ke tuƙa ta, shi ya san halinta. Sai Sani ya shiga soja, ya bar wa tsohon lambu da tarakta. Injinta ne tsohon ya kawo min.

Baba Haladu ya ce, "Garba, tana cikin aiki ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a kwano, ta tsaya."

Na ce, "Yaushe, Baba?"

"Shekaranjiya. Ka ga, ina da renon tumatir, ya kai dashe. In na yi jinkiri ya wuce mako, zai yi ƙafa ya fara fure a inda yake, shi ke nan na yi asarar shekara. Ƙasar kuma laka ce, fartanya ba ta shigarta da hannun tsoho."

Na ce me zai hana ya ɗauki 'yan ƙodago. Ya dube ni kamar na yi maganar yara. Samari rabi sun tafi soja, rabi suna ƙauye wajen cirar gyaɗa, wa zai zo ya yi masa kaftu a bakin ganuwa. Wannan lambun shi ke ci da gidansa, da matar Sani da 'ya'yanta uku.

Na kwance kaskon da mai ke taruwa a ƙarƙashin injin, na ga abin da na ji tsoro. Irin wannan inji fistin ɗaya gare shi, kuma fistin ɗaya in yana sama da ƙasa sai ya girgiza komai. Don haka masu ƙera shi suka sa wasu giyoyi biyu a ciki, masu nauyi a gefe ɗaya, in fistin ya yi sama su ja ƙasa, girgizar ta mutu. Giyar balas muke ce musu. Ɗaya lafiyarta ƙalau, sai ɗan wasa. Ɗayar boris ɗinta ya cinye, ta karkace, ta shiga bakin 'yar'uwarta ta tarwatse. Allah ya taimaki tsohon, ba ta huda jikin injin ba.

Ran Lahadi na wuni a kan faranti. Na tace man da zanen atamfa, na bi kowane lungu da mayen ƙarfe, na wanke cikin da kananzir sau uku. Na jera gutsattsarin, giyar ta haɗu tsaf, sai wuri ɗaya. Haƙori ɗaya babu, bai fi ƙwayar wake ba.

Ku kuna ganin ƙwayar wake ba komai ba ce. A cikin wannan inji akwai wani ɗan cokali da ke marin mai yana watsa shi sama. In haƙorin nan yana maƙale a wani lungu, ranar da ya faɗo cokalin zai ɗauke shi ya jefa tsakanin manyan giyoyi, kuma waɗannan in sun karye babu irinsu daga nan har bakin teku. Akwai wani lungu a can sama da hannuna ba ya kaiwa, sai an fitar da wani ƙarfe da guduma, wanda in ya lanƙwashe shi ma babu madadinsa. Ga shi ban isa in duba ba, ga shi ban isa in rufe ba.

Ran Litinin na zaga Sabon Gari da Fagge neman giyar, don dai kada a ce ban nema ba. Wani mai walda ya ce in kawo ya ɗinke min. Na san ƙarfen zubi ba ya riƙe ɗinki, kuma ko ya riƙe nauyin ya canja, sai na yi masa godiya na wuce. Abin da ya rage shi ne a cire giyoyin duka biyu, inji ya yi aiki babu su. Zai yi, amma zai yi rawa.

Na faɗa wa Baba Haladu haka. A lokacin, makanikin da ya rufe inji ya bar kaya a waje, ko a ce ɓarawo ne ko a ce bai iya ba.

Ya ce, "Wato za ka mayar min da injina da ragi."

Na ce, "Da ragi, Baba. Zan ɗaure maka su a tsumma ka ajiye, in an gama yaƙi a nemo sababbi."

"To rufe."

"Saura haƙori ɗaya."

Na nuna masa giɓin a faranti. Ya sunkuya ya duba, ya ce shi idonsa bai ma gani. Ina cikin yi masa bayani sai wani abu ya faɗo min. Man da na tace bai yi baƙin da ya kamata ba. Na ce, "Baba, an taɓa man nan bayan ta tsaya?"

Ya ce eh. Wani maƙwabcinsa ne ya ce ƙarar dattin mai ce, sai ya kwance noti ya tsiyaye tsohon a gwangwani, ya zuba ɗan sabon da Sani ya bari, ya ja igiya sau ɗaya, ya ji ƙarar na nan ya bari.

"Ina tsohon man?"

"Na bayar mana. Wa ke ajiye baƙin mai?"

Gaskiyarsa. A cikin birni baƙin mai ba ya kwana. Ana shafa wa azara saboda gara, ana shafa wa ƙyaure, ana shafa wa akuya mai ƙazuwa. In ka tsiyaye, kafin ka wanke hannu an aiko. Ƙarfe kuwa nutsewa yake, don haka ba wanda ya fara ɗiba nake nema ba, wanda ya samu gindin gwangwanin nake nema.

Ran Talata da safe na rufe rumfa na bi Baba Haladu Dukawuya. Ya kai ni gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda ya ba gwangwanin. Muka yi sallama a soro, ta fito tana ɗaura ɗankwali. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta ɗauka man muka zo karɓa.

Ta ce, "Malam Haladu, kyauta ce fa ka ba ni. Na riga na shafe azarar ɗakina."

Na ce, "Iya, ba man muke so ba, wani ɗan ƙarfe ne a ciki."

"Ni ban ga ƙarfe ba, ɗan nan. In da na gani da na ajiye maka, me zan yi da shi?"

Ta ce ta tsiyayi na sama a kwano, ta miƙa wa baduku maƙwabcinta. Baduku ya ce shi ma ya ɗan tsiyaya ya shafa wa ƙyauren shagonsa, sauran ya ba wani ɗan dako da ke kwana a soronsu, Mato, mutumin ƙauye, don ya riƙa ɗiga wa ƙafar kurarsa. Mato kuma kwana biyu bai dawo ba, ana kakar gyaɗa, yana can wajen tashar jirgi yana dakon buhuna, inda dare ya yi masa nan yake kwana.

Da muka iso ƙofar gidansa, Baba Haladu ya tsaya. Ya ce, "Garba, yau kwana huɗu. Je ka rufe injin nan. In ya mutu, nawa ne."

Na ce, "In ya mutu a fangali na biyu, Baba, ba ka da inji ba ka da tumatir. Ka ba ni gobe."

"Gobe kai kake da ita. Tumatir ba shi da ita."

Ya juya ya shige gida. Na ji nauyin maganar, don dattijo ne sa'an mahaifina, kuma abincin gidansa ne. Amma hannuna ya ƙi. Shekara bakwai aka yi ana dasa min abin nan, ba zan iya ɗora murfi a kan giɓi ba.

Laraba na wuni a wajen tasha ina tambayar 'yan dako. Kun san Mato nawa ne a cikin 'yan dakon Kano? Duk wanda na tambaya sai ya nuna min wani. Ga sojoji ko'ina saboda jirage na ɗaukar kaya da mutane zuwa kudu. Wani ya tsayar da ni ya zazzage jakata, ya ga waya da mayen ƙarfe da tsumma cike da ƙarafa, ya sa ni zama a rana har bayan la'asar, sai da wani kofur da na taɓa gyara wa keke ya gan ni aka sake ni. Na koma gida ban ci komai ba, ban samu komai ba. Ran nan na zagi sana'ar nan a raina, na zagi farantin, har maigidana sai da na yi wa ƙorafi, Allah ya yafe min.

Alhamis wajen azahar na same shi, yana cin rogo a inuwar kurarsa. Gwangwanin na rataye a ƙarƙashi da igiya, da ɗan tsinke mai tsumma a ciki. Na gaishe shi na faɗi buƙatata. Ya ce in dai ba zan zubar masa ba, bismilla. Na zura wayar har ƙasa na juya. Da na ɗago, bakin mayen ya yi gashi da garin ƙarfe, a tsakiya ga haƙorin. Na goge shi a rigata, na ciro giyar daga tsumma na gwada a nan ƙasa. Ya zauna daram.

Mato ya leƙo ya ce, "Malam, a kan wannan kake yawo kwana biyu?"

Na ce a kan shi.

Ya ce, "Allah ya ba ka lafiya," ya ci gaba da cin rogonsa.

Kai tsaye na wuce lambu, don na san can zan samu Baba Haladu. Yana tsugune a bakin renon yana yayyafa ruwa. Tumatir ya yi tsawo, ya cunkushe, na gefen da rana ke bugu har ya fara fitar da kan fure. Na buɗe hannu na nuna masa. Na zaci zai yi murna.

Ya dubi haƙorin ya ce, "A ina?"

"A gwangwanin Mato."

"Wato ba ya cikin injin."

"Ba ya ciki."

"Ashe tun ran Litinin da ka rufe, da babu abin da zai faru."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na san abin da zan iya cewa, cewa da ban gani ba da ban sani ba. Shi ma ya sani. Amma sanin bai mayar masa da kwana uku ba. Ya juya ya ci gaba da ban ruwansa.

Da yammar nan da safiyar Juma'a na haɗa injin. Na yanka gaskit a kwali na shafa masa man shanu don ya kama, na ɗaure kowane noti da hannuna na sake bi. Bayan an sauko daga masallaci muka ɗora shi a kan taraktar, na naɗa igiya na ja. A ja na biyu ya tashi. Ƙararsa ras, babu tsakuwa. Amma rawar ta fi yadda na zata. Mariƙin yana kaɗawa har ba ka iya ganin bakinsa sosai, murfin tanki yana juyawa da kansa, sai da na ɗaure shi da waya.

Baba Haladu ya naɗe hannun riga ya kama. Ya yi layi ɗaya, ya juyo ya yi rabin na biyu, sai na ga taraktar tana kauce masa. Ya saki, na ruga na kashe. Ya zauna a kan kunya yana duban hannuwansa, suna ta kaɗawa su kaɗai.

Ya ce, "Ba zan iya ba, Garba. Sani ma da ƙyar zai iya wannan."

Ni na cire giyoyin, ni na ci kwanakin. Na tuɓe rigata na rataye a jikin jigo, na ja igiya.

Kwana uku na yi a bayan taraktar nan, ni da ban taɓa noma ba, rumfata a rufe, masu kekuna da injin niƙa suna zuwa suna komawa. Ina kaftu, Baba Haladu da matar Sani suna bina suna ja fangali suna dasawa. Duk bayan layi biyar sai in tsaya in bi notika da sifana, don rawar tana kwance su. Ran farko hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ran na biyu na kasa ɓalle maɓallin rigata, da na zo alwala ban ji sanyin ruwan ba. Na sha gyara wa mutane inji in ce musu zai ɗan yi rawa amma babu komai, sai a lambun nan na san abin da nake faɗa musu. Injin kuwa bai yi tari ko sau ɗaya ba.

Ran Litinin da hantsi na gama layin ƙarshe na kashe. Lambun ya yi shiru, kunnena na ta ƙara. Kashi biyu cikin uku an dasa, kuma da ka gani ka san zai kama. Ƙasar kashi na ukun ga ta nan a kafce, baƙa, a shirye. Na waiwaya in ce a kawo sauran dashen, sai na ga Baba Haladu a bakin renon yana tuge shi da hannu bibbiyu yana tarawa gefe. Duk ya yi fure, karansa ya yi tauri, ko an dasa ba zai yi komai ba. Bai kira kowa ya taya shi ba, ni ma ban matsa ba. Na tsaya ina kallo har ya gama, ya yi tsibi ya kai gwiwa.

Ya karkaɗe hannu ya tako inda nake. Na shirya jin duk abin da zai faɗa, don yana da haƙƙin faɗa. Ya dubi fangalin da aka dasa, ya dubi wanda babu komai a ciki.

Ya ce, "Wannan zai kai mu watan azumi, in Allah ya so. Daga nan kuma ban sani ba. Sannu, Garba."

Ya miƙo min hannu, na miƙa masa nawa. Muka haɗa tafi muka tsaya a haka, babu wanda ya iya damƙe na wani.